Sharhi: Wa ya kamata manhajar wiki ta yi wa hidima, injiniyoyi ko sauran ma'aikata?

A cikin watan Satumba na 2025, kamfanin Atlassian na ƙasar Ostireliya ya fitar da sanarwa uku, ɗaya bayan ɗaya. A ta farko ya ce zai sayi The Browser Company a kan dala miliyan 610, da nufin mayar da manhajarsu ta yawo a intanet mai suna Dia kayan aikin ma'aikatan ofis. A ta biyu ya ce zuwa 2029 zai daina bai wa kamfanoni damar girka Jira da Confluence a kan na'urorinsu na kansu, don haka duk mai son ci gaba da amfani da su sai ya kwashe bayanansa ya mayar kan na'urorin Atlassian. A ta uku kuma ya ce zai sayi DX, wani kamfani da ke auna ƙwazon injiniyoyin manhaja, a kan dala biliyan 1.

Confluence da aka ambata tana cikin manhajojin wiki da manyan kamfanonin duniya suka fi dogara da su. Wiki kuwa shafi ne wanda duk wanda aka ba izini zai iya gyarawa kai tsaye, manhajar kuma tana ajiye tarihin kowane gyara: wa ya yi shi, yaushe, me ya cire, me ya ƙara. Mafi yawanmu ta Wikipedia muka san wannan tsari, amma dubban ma'aikatu suna da irinsa a cikin gida, inda suke rubuta ƙa'idojin aiki, matsayar da aka cimma a taro, da dalilin da ya sa aka zaɓi wata hanya aka bar wata.

Sanarwar uku ta sake tono wata tsohuwar muhawara a wannan sana'a. Kamfanin ya zuba kuɗi a ɓangaren injiniyoyi, ya kuma zuba a ɓangaren ma'aikatan da ba su san rubutun manhaja ba, duk a wata guda. Shin mai gina manhajar wiki ya kamata ya sa ƙungiyoyin injiniyoyi a gaba, ko kuwa ya gina ta domin kowa? A kallon farko tambayar ta 'yan kasuwa ce. Sai dai amsarta ita ke yanke wanda zai iya rubutu a cikin rumbun ilimin ma'aikata da wanda zai tsaya a matsayin mai karatu kawai, kuma wannan magana ce ta iko.

Asalinta a hannun injiniyoyi

Masu cewa a bi injiniyoyi suna da tarihi a bayansu. Wiki na farko, WikiWikiWeb, wani injiniyan manhaja Ba'amurke mai suna Ward Cunningham ne ya buɗe shi a watan Maris na 1995, domin 'yan uwansa masu sana'ar su riƙa tattara dabarun rubuta manhaja da suka ga suna maimaituwa a ayyuka daban-daban. Sunan ya ɗauko shi ne daga harshen mutanen Hawai, inda kalmar take nufin sauri, bayan ya shiga wata motar jigilar fasinjoji mai wannan suna a filin jirgin saman Honolulu.

Komai na wannan wiki an yanka shi daidai da jikin mai rubuta manhaja. Idan mutum yana son ƙirƙirar sabon shafi, sai ya manne kalmomi biyu ko uku wuri guda, kowace da babban baƙi a farkonta, kamar yadda injiniyoyi ke raɗa wa abubuwa suna a cikin aikinsu. Babu maɓallin da za a danna rubutu ya yi kauri ko ya karkata. Sai an koyi wasu alamomi an kewaye kalma da su. Ga injiniya wannan abu ne mai sauƙi kamar shan ruwa, domin da alamomi yake wuni.

Ita kanta Wikipedia ta wannan ƙofa ta shigo. Kafin ita akwai Nupedia, kundin ilimi da Jimmy Wales da Larry Sanger suka fara a 2000, wanda sai masana sun tantance maƙala mataki bayan mataki kafin a wallafa. Har aka rufe shi maƙalolin da aka kammala ba su kai 30 ba. Wani injiniyan manhaja, Ben Kovitz, shi ya ba Sanger labarin wiki a farkon Janairun 2001, kuma ranar 15 ga watan aka buɗe Wikipedia. Cikin shekara guda ta tara dubban maƙaloli. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma injiniyoyi ne suka fara samar da kayan aikin da ya ba hannaye da yawa damar ɗauka tare.

Abin da ke jan kamfanoni gare su

Bayan tarihi akwai lissafin kuɗi. Atlassian, wanda Mike Cannon-Brookes da Scott Farquhar suka kafa a Sydney a 2002 da bashin katin banki na dala 10,000, ya fara ne da Jira, manhajar bin diddigin kurakurai da ayyukan injiniyoyi. Confluence ta biyo baya a 2004. Shekaru da dama kamfanin ya yi ta bunƙasa ba tare da rundunar dillalai irin ta sauran manyan kamfanonin manhaja ba. Injiniya ɗaya zai sauke manhajar ya gwada, ƙungiyarsa ta karɓa, kafin shugabanni su farga rabin ma'aikatar na amfani da ita, sai kawai a sa hannu a biya.

Dalilan da suka sa wannan hanya ta yi aiki a fili suke. Injiniyoyi suna iya girka manhaja da kansu ba tare da neman taimakon kowa ba. Suna da kasafin kuɗin sayen kayan aiki, domin ma'aikatunsu sun san tsadar lokacinsu. Idan suka ci karo da kuskure suna iya bayyana shi dalla-dalla, wani lokacin ma su gyara. Sannan buƙatarsu ta rubutu a bayyane take: manhaja na canzawa kullum, ma'aikata na zuwa suna tafiya, kuma duk abin da ba a rubuta ba yakan tafi da wanda ya san shi. Ga ƙaramin kamfani da ke neman kwastomomin farko, da wuya a samu kasuwa mai sauƙin shiga kamar wannan.

Akwai kuma hujjar mayar da hankali wuri guda. Bahaushe ya ce ba a tauna taura biyu a lokaci guda. Manhajar da ta ce ta kowa ce, malamin makaranta da lauya da akanta da injiniya, takan rasa wanda za ta gamsar sosai. Labarin Wikispaces misali ne da masu wannan ra'ayi ke yawan kawowa. Ta yi farin jini a wurin malamai da ɗalibai a ƙasashe da dama, galibi kyauta, amma a 2018 masu ita suka sanar da rufe ta, suna cewa kuɗin sabunta ta ya fi ƙarfin abin da za su iya zubawa. Malamai da yawa suka shiga rige-rigen kwashe darussan da suka yi shekaru suna tarawa.

Inda hujjar ta yi rauni

Matsalar farko ita ce injiniyoyi ba sa zama. A 2004 John Gruber ya fitar da Markdown, wata hanya mai sauƙi ta tsara rubutu da alamomi kaɗan. A 2005 Linus Torvalds ya rubuta Git, manhajar da ke ajiye tarihin kowane canji a rubutun manhaja. A 2008 aka buɗe GitHub, wanda ya zama dandalin da injiniyoyin duniya ke ajiye ayyukansu, har Microsoft ya saye shi a 2018 a kan dala biliyan 7.5. Da waɗannan uku suka haɗu, injiniyoyi suka ga cewa abin da wiki ke ba su, wato gyara tare da ajiye tarihi, suna da shi a inda suke aiki. Da yawansu suka koma rubuta bayanan manhaja a gefen manhajar kanta, ta yadda duk wanda ya canza aiki zai canza bayaninsa a lokaci guda, abokin aikinsa kuma ya duba duka biyun kafin a amince.

Wannan sauyi ya taɓa wani ciwo da duk wanda ya yi aiki da wiki na cikin gida ya sani: shafuka na tsufa. Ana rubuta shafi da zumuɗi a farkon aiki, bayan wata shida aikin ya canza, shafin yana nan yadda yake, sabon ma'aikaci ya bi shi ya ɓata. Ga injiniya bayanin da ya tsufa ya fi rashin bayani haɗari. Saboda haka wiki da ke zaune a wani wuri dabam da inda ake rubuta manhajar yakan zama abin da aka fi saurin mantawa da shi.

Ko manyan dandalin injiniyoyi sun sha ƙasa a nan. Stack Overflow, shafin tambaya da amsa da kusan kowane mai rubuta manhaja ya sani, ya buɗe wani sashe mai suna Documentation a 2016, inda aka so injiniyoyi su haɗu su rubuta bayanan harsunan manhaja a tsarin wiki. Yana da jama'ar, yana da sunan, amma a 2017 aka rufe sashen domin bai samu karɓuwar da aka zata ba. Idan dandalin da injiniyoyi ke shiga kullum ya kasa sa su rubuta bayani a wiki, ƙaramin kamfani da ke shirin yin hakan yana da dalilin sake lissafi.

Matsala ta biyu ta fi girma. Kayan aikin da aka ƙera wa injiniya yakan zama katanga ga sauran mutane. A kowace ma'aikata, ilimin da ya fi saurin ɓacewa ba a hannun injiniyoyi kaɗai yake ba. Yana hannun mai amsa ƙorafin kwastomomi, da jami'in sayayya, da mai kula da albashi, da wakilin da ke fita ƙauyuka. Idan shigar da layi ɗaya a shafi na buƙatar koyon alamomi, waɗannan mutane za su ci gaba da ajiye abin da suka sani a cikin kansu, ko a cikin saƙonnin WhatsApp da babu mai iya lalubowa bayan shekara guda. Abin da zai rage a rumbun shi ne yadda injiniyoyi ke kallon ma'aikatar.

Atlassian ya gane wannan da wuri. A 2011, a fitowa ta huɗu ta Confluence, ya cire tsohuwar hanyar gyara shafi da alamomi, ya maye gurbinta da mai kama da Microsoft Word, inda abin da mutum ya gani a allo shi zai fito. Injiniyoyi da dama suka fusata, suka cika shafukan kamfanin da ƙorafi. Kamfanin bai janye ba. Sayayyar da ya yi daga baya ta nuna inda ya dosa: Trello a 2017 a kan dala miliyan 425, sai Loom a 2023 a kan dala miliyan 975, dukansu kayan aiki ne na ma'aikacin da bai taɓa rubuta layin manhaja ba. Kamfanin da injiniyoyi suka ɗaga ya ga cewa yawan kujerun da zai sayar suna wajen ɗakin injiniyoyi. Notion, wanda ya shigo kasuwar daga baya, tun farko ma da wannan ya fara, ya kuma jawo ɗalibai da masu ƙananan sana'o'i kafin manyan kamfanoni su biyo.

Darasin da Wikipedia ta koya da wahala

Wikipedia ba kamfanin riba ba ce, amma ita ma ta shiga wannan tarko. Manhajarta, MediaWiki, wadda aka fara ginawa a 2002, ta gaji rubutun alamomi daga wiki na farko, kuma da shekaru suka tafi alamomin suka ƙara sarƙaƙiya. Adadin masu gyara Wikipedia ta Turanci a kai a kai ya kai ƙololuwa a 2007, daga nan ya fara raguwa. Binciken da Gidauniyar Wikimedia ta yi ya kuma nuna cewa mata ƙalilan ne a cikinsu. Dalilan suna da yawa, ciki har da tsaurin ƙa'idoji da yadda ake tarbar sabon shiga, amma gidauniyar ta ɗauki wahalar alamomin a matsayin ɗaya daga ciki.

A watan Yulin 2013 ta kunna sabuwar hanyar gyara mai suna VisualEditor ga masu amfani da Wikipedia ta Turanci. Manhajar ta fito da kurakurai, tana ɓata wasu shafuka, tsofaffin masu gyara kuma suka tashi tsaye. Kafin ƙarshen Satumba an mayar da ita abin da sai wanda ya nema zai kunna. Tsofaffin suna da gaskiya game da kurakuran. Amma rikicin ya bayyana wani abu dabam: mutanen da suka riga suka ƙware da kayan aiki mai wahala su ne ke da murya idan an zo canza shi, waɗanda wahalar ta kora kuwa ba sa wurin balle a ji ta bakinsu. Duk mai gina manhaja da ke sauraron masu amfani da ita kaɗai zai yi ta jin buƙatun waɗanda ke ciki, ya ɗauka buƙatun kowa ne.

Wannan shi ne haɗarin da ke cikin zaɓar injiniyoyi a matsayin kwastomomin farko. Kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski. Su za su riƙa aiko da buƙatu, buƙatun kuma masu ma'ana ne, kowace idan an biya ta tana ƙara wani maɓalli ko wani tsari da ba ya yi wa akanta amfanin komai. Bayan shekara biyar manhajar ta zama wadda sai an yi wa sabon ma'aikaci horo kafin ya taɓa ta, alhali dalilin ƙirƙirar wiki tun farko shi ne kada a buƙaci horo.

Sabon mai karatu: na'ura

Tun bayan fitowar ChatGPT a watan Nuwamban 2022, lissafin ya sake canzawa. Injiniyoyi suna cikin waɗanda suka fi saurin komawa tambayar ƙirƙirarriyar basira maimakon laluben shafuka. Yawan sabbin tambayoyi a Stack Overflow ya ragu ƙwarai, kuma a watan Oktoban 2023 kamfanin ya sallami kashi 28 cikin ɗari na ma'aikatansa. A ɓangaren Wikipedia, gidauniyar ta ce a Afrilun 2025 nauyin sauke hotuna da sauran fayiloli daga na'urorinta ya ƙaru da kashi 50 cikin ɗari tun daga Janairun 2024, galibi saboda manhajojin da ke kwasar bayanai domin horar da ƙirƙirarriyar basira. A watan Oktoban shekarar kuma ta ce ziyarar mutane na gaske ta ragu da kusan kashi 8 cikin ɗari idan aka kwatanta da watannin da suka yi daidai da su a 2024.

Ma'anar wannan ga wiki na cikin ma'aikata ita ce, mai karatun shafi yanzu sau da yawa na'ura ce da ke tattara amsa ta miƙa wa mutum. Na'urar ba ta damu da kyan shafi ba, amma ba ta iya faɗin abin da babu wanda ya rubuta. Idan injiniyoyi kaɗai suka cika rumbun, ma'aikacin da ya tambayi na'urar yadda ake mayar wa kwastoma kuɗinsa zai samu bayanin yadda manhajar biyan kuɗi ke aiki, ba zai samu abin da mai amsa ƙorafi ta koya cikin shekaru ba. Giɓin da a da mutum ke gani da idonsa idan ya buɗe shafi ya tarar babu komai, yanzu amsa mai santsi ce ke rufe shi. Don haka darajar wiki ta ƙara rataya a kan yawan nau'in mutanen da ke iya rubutu a cikinsa.

Masu rubutun ma suna da ta cewa. A watan Yunin 2025 Gidauniyar Wikimedia ta dakatar da gwajin saka taƙaitaccen bayanin da na'ura ta rubuta a saman maƙaloli, bayan masu gyara sun yi ca a kai suna cewa zai zubar da amincin da aka yi shekaru ana ginawa. A wannan karon tsofaffin hannu sun tsaya ne kare abin da ya sa mutane suka yarda da shafin tun farko, wato a san wanda ya rubuta kowane layi da inda ya samo shi.

Wa ke riƙe da makullin rumbu

Sanarwa ta biyu ta Atlassian, wadda ba ta ja hankalin jaridu kamar sayayyar biyu ba, ita ce ta fi shafar ƙasashe irin namu. Tun a Fabrairun 2024 kamfanin ya daina tallafa wa nau'in manhajarsa da ƙanana da matsakaitan ma'aikatu ke girkawa a na'urorinsu. Yanzu nau'in manyan ma'aikatu ma an sa masa wa'adi. Hujjar kamfanin tana da tushe: a 2022 da 2023 an gano manyan ramukan tsaro a Confluence, masu kutse kuma sun yi amfani da su a kan ma'aikatun da ba su sabunta nasu da wuri ba. Ajiya a wuri guda na sauƙaƙa toshe irin waɗannan ramuka.

Amma ajiya a hannun wani tana da nata farashin. A Afrilun 2022 wani kuskure a cikin Atlassian ya goge shafukan kwastomomi kusan 775, wasunsu sai da suka yi kusan mako biyu kafin a dawo musu da bayanansu. A 2019 GitHub ya taƙaita asusun masu amfani da shi a Iran da Siriya da Kirimiya saboda takunkumin Amurka. A Satumban 2024 Notion ya fice daga Rasha, ya ba masu amfani da shi a can wa'adin kwashe kayansu. Ko mutum ya goyi bayan takunkumin ko bai goya ba, darasin ɗaya ne: rumbun ilimin ma'aikata na iya rufewa saboda hukuncin da aka yanke a wata ƙasa.

Ga ma'aikata a Najeriya akwai ƙarin nauyin canji. Ana biyan waɗannan manhajoji ne da dala, a kan kowane ma'aikaci, kowane wata ko shekara. Kafin Yunin 2023 dala na kusan naira 460 a farashin hukuma. A 2024 ta haura naira 1,500. Idan farashi ya ninka haka, abin da shugaban ƙaramin kamfani ko ƙungiya zai fara yi shi ne rage yawan kujeru, kuma waɗanda za a bar wa nasu su ne injiniyoyi. Ta haka kuɗi ke kammala wariyar da alamomi suka fara.

Wannan ne ya sa wasu gwamnatocin Turai suka juya ga manhajojin da aka buɗe tushensu ga kowa. A Jamus, tarin kayan aikin ofis mai suna openDesk da gwamnatin tarayya ta ɗauki nauyin haɗawa domin ma'aikatun gwamnati yana amfani da XWiki, wadda wani kamfanin Faransa ke jagorantar ginawa. MediaWiki da DokuWiki ma kowa na iya girka su kyauta a na'urarsa. A nan ne injiniyoyi ke dawowa cikin labarin da wani matsayi na daban, domin manhajar kyauta sai da mai girkawa, mai sabuntawa da mai ajiye kwafi. Kayan aro ba ya rufe katara, amma na kanka ma sai da mai kula da shi.

Abin da ya shafi mai rubutu da Hausa

Wikipedia ta Hausa tana da dubun-dubatar maƙaloli, waɗanda masu sa kai suka rubuta, da yawansu matasa ne da ke aiki da wayar hannu. Duk wanda ya taɓa neman baka mai kusurwa ko sandar tsaye a allon rubutun waya, ya kuma haɗa da neman ƙ da ɗ da ɓ, ya san cewa zaɓin da aka yi a Portland a 1995 yana da tasiri a Kano da Zinder. Kayan aikin da suka fi taimaka wa ƙananan harsuna su ne waɗanda aka gina domin wanda ba injiniya ba, kamar manhajar fassara maƙala da Wikimedia ta fitar a 2015, wadda ke jera asalin rubutu da fassararsa gefe da gefe ta kuma ɗauke wa mai fassara wahalar alamomi.

A 2021 aka zaɓi Hausa cikin harsuna ƙalilan da za a fara mayar da hankali a kansu a shirin Abstract Wikipedia, tare da Ibo da Dagbani da Bengali da Malayalam. Manufar shirin ita ce a rubuta bayani sau ɗaya a wani tsari da bai dogara da harshe ba, na'ura kuma ta fitar da shi a harsuna da yawa. Ginshiƙinsa, Wikifunctions, wanda aka buɗe a 2023, wiki ne da ake tattara ƙananan ayyukan manhaja a ciki. Ga shi an dawo inda aka fara: wiki na masu rubuta manhaja. Idan masana nahawun Hausa da malaman makaranta ba su samu ƙofar shiga da ta dace da su ba, waɗanda za su yanke yadda na'ura ke gina jimlar Hausa su ne waɗanda suka iya manhaja, ko da Hausarsu ba ta kai ba.

Hukuncin da tarihin shekara talatin ke nunawa shi ne, injiniyoyi kyakkyawar ƙofar shiga kasuwa ce, kuma ƙaramin kamfani ba shi da laifi idan ya fara da su. Kuskuren shi ne a gina manhajar ta yadda sai su kaɗai ke iya rubutu a ciki. Bayanin da ya shafi rubutun manhaja zalla ya riga ya koma gefen manhajar, kuma can ya fi dacewa da shi. Abin da ya rage wa wiki shi ne wurin da injiniya da wanda ba injiniya ba ke haɗuwa a shafi ɗaya, kowa ya ga gyaran ɗan uwansa.

Ga ƙungiyar matasa, gidan jarida, jam'iyya ko ma'aikatar gwamnati da ke shirin zaɓar irin wannan manhaja, akwai tambayoyi uku da suka fi sunan kamfani muhimmanci. Ma'aikacin da ya fi kowa ƙarancin sanin kwamfuta zai iya gyara shafi daga wayarsa ba tare da an koya masa ba? Idan aka rabu da kamfanin gobe, za a iya kwashe duk shafukan da tarihin gyaransu a tsarin da wata manhaja za ta iya karantawa? Idan dala ta sake tashi, su wa za a fara cirewa? Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta ba ɗan Najeriya damar neman takardun hukuma, amma dokar ba ta iya fito da abin da ba a taɓa rubutawa ba, ko wanda ke kulle a asusun da aka daina biya.